Tirelar Da Ta Gagari Ɓarawo

Ranar wata Talata ce, aka wayi gari da yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana hana shi sakewa. Kan-Sarki ya tafi asibitin ido da niyyar a canza masa tabarau ya dawo kafin azahar. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta biyu ba, ta sa shi ya ɗora haɓa a kan wani inji, ta ba shi maɓalli a hannu, ta ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna. Ya zauna yana jira da ladabinsa.

"Baba," in ji ta, "an fara fa tun ɗazu."

Da aka gama sai ta juyo da kujera ta yi masa bayani a hankali. Hawan jinin ido ne. Ganinsa yana tsukewa daga gefe-gefe, kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake. Magani zai rage wa ciwon gudu, amma abin da ya tafi ya tafi.

"Kana tuƙi?"

"Shekara talatin da ɗaya. Ko kaza ban taɓa takawa ba."

"Yaushe lasinka zai ƙare?"

Ya ciro shi daga aljihu, ya matso da shi daf da hanci. "Saura wata huɗu."

"To, wata huɗun nan su ne naka, da rana kawai, kuma a hankali. Bayan su sai an gwada ido kafin a sabunta, kuma ba wanda zai sa maka hannu. Ni ma ba zan sa ba."

Sunan Kan-Sarki a gidan waya ya samo shi, inda ya yi shekara talatin da biyar yana jefa wasiƙu cikin ramukan wani ƙaton kabad na katako. Ba garin da bai san sunansa da lambarsa ba, amma tafiyarsa mafi nisa a duniya ita ce jana'izar wani kawunsa, ita ma a ranar ya dawo. Abokan aiki sukan ce kan sarkin gaske ma ya fi shi morewa, shi ai akan lashe shi a manna, ya tafi ya ga duniya.

A can ƙasan kabad ɗin, kusurwar hagu, akwai rami na ƙarshe, na wani ƙauye a bakin tafki, can bayan duwatsu. Wasiƙa ɗaya suke samu a wata, wani watan ma babu. Sai ya durƙusa kafin ya saka ta, kuma duk durƙuson da ya yi yakan ce wa kansa, wata rana. Direban jakar wasiƙu ya taɓa gaya masa kwana uku ne a mota, awa biyun farko kaɗai ke kan kwalta, babu masauki a hanya, babu mai sayar da ko ashana.

Ranar da ya yi ritaya ya taho gida da wata mujalla da aka aiko wa wani mutum da ba a taɓa samu ba. A shafin tsakiya akwai hoton wata 'yar tirela da ƙaramar mota ke ja a kan duwatsu. Tayoyi biyu manya, tanti a naɗe a sama, aljihun da ake jawowa risho ya fito, tankin ruwa a ƙasa. An rubuta cewa mutum ɗaya zai iya tura ta da hannu. Yana da tsohuwar jif, wadda giyar da ke jan tayoyin gabanta ta mutu tun shekarun baya, tayoyin baya kaɗai ke ja, amma injinta lafiya lau. Tirelar ce kawai babu.

Da ya dawo daga asibiti ya shimfiɗa wa matarsa maganar likita da mujallar a lokaci guda. Ta yi kukan na farkon, ta share hawaye, ta ɗauki na biyun tana juyawa.

"Wato, Malam, daji za ka ka kwana a cikin akwati."

"Ba akwati ba ne."

"Akwati mai taya. Gidan nan wa ya kore ka?"

"Ba wanda ya kore ni. So nake in ga wurin nan da idona tun yana gani."

Ta san shi. Mutum ne da ko canjin kujera ba ya nema, ranar da ya nemi abu kuwa ba ya saki. "To in dai sai an yi," ta ce, "ba za a kai aikin ƙarfe waje ba Auta yana zaune. Me mutane za su ce?"

Auta ƙaninta ne, mai walda. Get yake yi, da ƙofofi, da ƙarfen taga, kuma a unguwar ana ce masa Injiniya, sunan da shi ya raɗa wa kansa ya rubuta a allon shago. A shekara ashirin ɓarawo bai taɓa shiga ta get ɗinsa ba, duk da dai gidaje biyu ginshiƙinsu ya tsage saboda nauyinsa. Yana da ƙa'ida guda da ba ya ƙetarewa: duk abin da mutum biyu za su iya ɗagawa, ɓarawo ɗaya zai iya ɗauka.

Ya ɗaga tabaran walda zuwa goshi, ya kalli hoton, ya yi dariya ta hanci.

"Mijin Yaya, wannan ai gwangwanin madara ne aka sa wa taya. Da cokali zan buɗe shi."

"Ni haka nake so, Injiniya. Mara nauyi. Kamar yadda yake a hoton."

"Mutanen da suka yi hoton nan, a garinsu akwai ɓarayi?"

"Daji zan je. Ba kowa."

"Ai inda ba kowa nan ɓarawo ya fi sakewa. Ka bar mini. Mako uku ka zo da mota."

Mako uku suka wuce, abin da aka samu shi ne ƙasan tirelar, an yi shi da irin ƙarfen da ake ɗora tankin ruwan asibiti a kai. Kan-Sarki ya gwada ɗaga kusurwa ɗaya, bayansa ya amsa kafin ƙarfen ya amsa.

"Ka gani?" in ji Injiniya. "Inganci kenan."

Akwai benci a gaban shagon, inda dattawan layin ke zama daga hantsi zuwa la'asar. A cikinsu ba wanda ya taɓa kwana a daji, saboda haka kowa ya san abin da ake bukata. Mai gyaran agogo ya ce a sa taya biyu na ko-ta-kwana, aka sa huɗu. Tsohon ɗan sanda ya ce taga ba ƙarfe gayyatar masifa ce. Tela ya ce tantin da ke sama na yadi ne, reza ɗaya ta ishe shi, a matsayinsa na mai sana'ar yadi yake faɗa. Aka soke tanti, aka ta da bango huɗu na fallen ƙarfe, aka yi rufi, aka jera tsinin ƙarfe a kan rufin kamar katangar banki. Kullum Kan-Sarki yana zuwa da mujallarsa a hammata, kullum yana buɗe baki, kullum wani ya riga shi da cewa rigakafi ya fi magani.

Matarsa ta zo gani a wata na biyu. Ta leƙa ciki, ta fito tana kaɗa kai.

"Auta, a kan me zai kwanta? Mutumin da bayansa ke ciwo?"

"Akwai wurin tabarma, Yaya."

"Tabarma. Mijina, da furfurarsa."

Aka kawo katifar ɗakin baƙi, mai kauri kamu biyu, aka ga ba ta shiga, aka ƙara wa tirelar faɗi. Bayan katifa sai labule, sai madubi, sai kwanukan da aka ba ta lokacin auren babbar 'yarsu, don kada mutanen ƙauyen can su ce matarsa ba ta iya tarairaya ba. Ta ƙara da bargo uku da dutsen guga irin na gawayi. Kowane kaya da ya shigo sai Injiniya ya ƙera masa akwatin ƙarfe, kowane akwati da kwaɗonsa. Aka wayi gari da kwaɗo bakwai, na takwas a ƙofa, ƙofar kuma biyu ce, ta ciki da ta waje.

Kan-Sarki yana soke kwanaki a kalandar ɗaki. Ya lura yanzu sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya ga mai shigowa daga gefe. Bai gaya wa kowa ba. Ya dai roƙi Injiniya, da murya ƙasa-ƙasa, ya dubi Allah ya gama.

"Aikin gaggawa ai shi ke kashe mutane, Mijin Yaya."

Saura kwana goma sha biyu aka zo maganar haɗa tirela da mota. A nan Kan-Sarki ya yi shiri. Tun da wuri ya je wurin masu kayan mota ya sayo abin haɗawa na ainihi: ƙwallon ƙarfe da ake ɗaurawa a bayan mota, da kofin da ke hawa kansa, yana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, duk yadda hanya ta so. Ya kwance shi daga takarda ya miƙa kamar mai miƙa jariri.

Injiniya ya ɗora kofin a kan ƙwallon, ya ja wani ɗan hannu, ya cire. Ya sake ɗorawa, ya sake cirewa da yatsa biyu, yana kallon 'yan benci.

"Kun gani? Mijin Yaya yana ciki yana barci, wani ya zo da yatsa biyu ya cire, ya tafi da mota. Ko ya tafi da shi da katifar gaba ɗaya."

"Ana sa masa kwaɗo," in ji Kan-Sarki.

"Ƙaramin kwaɗo. Wanda ya ƙera wannan abin, ko ɓarawo ne ko ɗan'uwansa ɓarawo ne."

Tsohon ɗan sanda ya ce shi ma abin da ya gani kenan.

Injiniya ya shiga can cikin shago ya jawo hinji, wato ƙarfen da ƙyauren get ke juyawa a kansa, irin na ƙofar masana'anta, kaurinsa ya kai cinyar mutum. Ya liƙe gefe ɗaya da wutar walda a ƙashin bayan motar, ɗaya gefen a wuyan tirelar, ya bi layi uku-uku, sannan ya narkar da kan sandar tsakiya don kada wani ya zare ta.

"To in ina so in raba su fa?"

"Me zai sa ka raba su? Aure ne. Mota tana kwana hagu, tana kwana dama. Get ma haka. Ka taɓa ganin mota ta tashi sama?"

Aka yi gwaji a kan kwalta, aka zaga layin sau biyu. Jif tana nishi kamar mai naƙuda, amma tana ja. Hagu ta bi, dama ta bi. 'Yan benci suka tafa. Kan-Sarki kansa sai da ya ji wani sanyi a ransa, ya ce wa kansa wataƙila shi ne mai yawan ƙorafi.

Fenti ya ci kwana uku, don Injiniya ba ya sakin aiki ba tare da zanen furanni na ruwan zinari ba, kamar yadda yake yi wa get. Ranar tafiya saura kwana tara a lasin. Uku zuwa, uku dawowa, uku a bakin tafki. Lissafin ya yi daidai, ko ɗigo bai rage ba.

Da sassafe layin ya cika. Injiniya ya kulle kwaɗo takwas ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa makullan a zare, kuma kamar yadda ya saba duk ranar da ya gama aiki a gida, ya danƙa su a hannun uwar gidan. Ita kuma tana tsakiyar kuka da addu'a da jan kunne a kan maganin ido, ta ƙulle su a bakin mayafi ba tare da ta san ta yi ba. Injiniya ya buɗe gaban mota ya zauna.

"Ina zuwa?" in ji Kan-Sarki.

"Rakiyar aiki. Zuwa yamma in ga komai lafiya, in samu mota in dawo."

Awa biyun kwalta suka zama huɗu. Keke ya wuce su, mai keken ya gaishe su. Amma da kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta fara, gonaki suka buɗe, Kan-Sarki ya sauke gilashi. Can gaba, a daidai tsakiyar bututun da ya rage masa, ga duwatsun, shuɗi-shuɗi, kamar an jingina su da sama. Ya gyara zama, ya kama sitiyari da hannu biyu.

Ba su yi rabin awa a jar ƙasa ba suka iso wani busasshen rafi. Ba wani abin tsoro ba ne, hanya ce ta gangara ta sake hawa, ga sawun amalanke da na babur sun bi sun wuce. Kan-Sarki ya sa giya ta ɗaya ya gangara a hankali. Gaban motar ya fara hawa ɗaya gefen, tirela tana kan gangarowa. Sai aka ji ƙarfe ya yi ƙara doguwa, motar ta tsaya, inji yana ta kuka.

Suka fito. Tayoyin gaba suna kan tudun can, tayoyin tirela suna kan tudun nan, mota da tirela sun miƙe sambal kamar gada. Tayoyin bayan motar, waɗanda su kaɗai ke ja, suna rataye a iska, kusan kamu biyu daga yashi, suna juyawa abinsu.

Injiniya ya durƙusa ya duba hinjin, ya shafa shi. "Ko tsagewa bai yi ba."

"Na gani. Ka taɓa ganin mota ta tashi sama, Injiniya?"

"Wannan laifin hanya ne. Hanyar kirki ba ta yin haka."

Suka kwaso duwatsu suka cusa ƙarƙashin tayoyin. Tayoyin suka harbo su ɗaya-ɗaya, na uku ya fasa fitilar tirela. Kan-Sarki ya ce a sauke kaya a rage nauyi, a ɗauko jak da shebur. Jak da shebur suna akwati na huɗu. Suka tsaya gaban kwaɗon, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya sa hannu a aljihu.

"Suna wurin Yaya," in ji Injiniya daga baya.

"Me suke yi a wurin yayarka?"

"Makulli ai uwar gida ake ba. Shekara ashirin haka nake yi."

Waya ba ta kamawa a wurin. A ƙarƙashin kujerar mota akwai zarton ƙarfe da ruwansa biyar. Injiniya ya tuɓe riga ya hau kan hinjin. Ruwa na farko ya karye, na biyu ya karye, yana gumi yana cewa ai ya faɗa, ba ɓarawon da zai iya. Da na biyar ya karye, abin da aka ci a jikin ƙarfen bai kai zurfin farce ba.

Wajen la'asar wani manomi ya iso da amalanken shanu. Ya yi sallama, ya zaga abin sau ɗaya, ya dubi tsinin rufin da furannin zinari.

"Sannunku. Fursuna aka ɗauko?"

"Ɗakin kwana ne," in ji Injiniya.

"To, Allah ya ba da lada. Amma da kun matsa daga nan. Tun azahar ake ruwa a kan duwatsu, kuma duk ta nan yake bi."

Aka ɗaura shanun a gaban mota. Suka ja sau biyu, a na uku babban bijimin ya waiwayo ya dubi ubangidansa, ya kwanta. Manomin ya kwance su ya hau da su tudu, ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Ruwan bai zo da hayaniya ba. Wani siririn harshe ne ja ya fara bin yashi, ɗauke da kara da kumfa, ya lashi takalmin Kan-Sarki. Kafin ya ɗauko maganin idonsa da tabarau daga cikin mota ruwan ya kai gwiwa. Manomin ne ya miƙo masa sanda ya jawo shi. Suka zauna su uku a kan tudu suna kallo. Ruwa ya shanye tayoyi, ya shiga ta tagar mota, ya rufe sitiyari, ya taho da wani kututture ya ɗora a kan gilashin gaba. Tirela kuwa tana nan daram, ruwa yana rabuwa biyu a jikinta.

"Ko gezau," in ji Injiniya a hankali, da muryar uba a ranar saukar karatun ɗansa.

Kan-Sarki ya sa tabaransa. Ya juya kansa gaba ɗaya wajen duwatsun, amma hadari ya rufe su. Ya tambayi manomin ko ya san ƙauyen da ke bakin tafki.

"Ana dai faɗa," in ji manomin. "Ni ban taɓa zuwa ba. Me zan je yi?"

A amalanken ya kai su bakin kwalta, suna zaune a kan buhunan taki, daga nan suka samu motar itace.

Rafin bai janye ba sai bayan kwana goma sha ɗaya. Da aka je da injin yankan ƙarfe da janareta, sai da aka yi wuni guda kafin hinjin ya rabu, motar kuma yashi ya cika ta har cikin inji, 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe ne suka ɗauke ta. Tirelar ta nutse zuwa taga, ba abin da ya iya jawo ta. Mutanen ƙauyen da ke kusa sun gwada ta da guduma, da gatari, da wani maƙeri da aka ɗauko musamman, ba su ci ko kwaɗo ɗaya ba. Sai suka aiko a tambayi wanda ya ƙera ta. Kafin wata ya ƙare Injiniya ya samu aikin get uku a can, ya ƙara wa allon shagonsa layi guda: ana ƙera tirelar tafiya.

Kan-Sarki ya je ofishin lasin duk da haka, da wankakkiyar riga. Ma'aikacin ya ɗaga hannu a gefen fuskarsa ya ce yatsa nawa. Kan-Sarki ya ce wane hannu.

Abin da aka rasa, kamar yadda matarsa ta zayyano wa maƙwabta: jif ɗaya, tirela ɗaya, taya goma, katifa ɗaya, bargo uku, labule biyu, madubi, dutsen guga, kwanuka goma sha takwas da murafensu, risho, jak, shebur, ruwan zarto biyar, takalmin Malam na ƙafar hagu. Sai wata huɗu, da lasin ɗaya.